Kirarin Tallar Ƙasa: Rigimar da Aka Sha a Filifin

  

Yau uwargida, zancen talla za mu yi. Na san wannan fanni ba baƙo ba ne a wurinki, domin da wuya a sami gidan da babu mai 'yar sana'a a cikinsa. Wata ƙosai take soyawa, wata ƙuli-ƙuli, wata ɗinkin hula, wata haɗa turaren wuta, kuma kowace ta san cewa kaya ba ya sayar da kansa sai an sami mai kai labarinsa waje. To ashe ƙasashe ma haka suke yi. Ƙasa sukutum takan tallata kanta ga mutanen duniya, har ta ɗauki hayar masu tsara mata kalmomin da za ta yi tallar da su. Waɗannan 'yan kalmomi su ake kira take, ko kuma mu ce kirari, kuma a kansu za mu tattauna.

Mu Hausawa mun saba da kirarin gari. Da an ce ta Dabo tumbin giwa kin san Kano ake nufi, da an ce ɗakin kara kin san Katsina ce. Haka kuma idan yaranki suka karanta miki abin da ke rubuce a jikin lambar mota, za ki ji kowace jiha da nata taken: Kano cibiyar kasuwanci, Bauchi lu'ulu'un yawon buɗe ido, Filato gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Sai dai akwai bambanci. Kirarin gari tun kaka da kakanni muka tarar da shi, babu wanda aka biya ya tsara shi. Shi kuwa taken da ƙasa take tallata kanta da shi, gwamnati ce ke ba da kwangilarsa, a biya da kuɗin baitulmali, wato kuɗin talakawa. Shi ya sa duk lokacin da aka fito da sabo sai ki ji jama'a sun yi ca, kowa yana tofa albarkacin bakinsa.

Me ya sa gwamnati za ta kashe kuɗi a kan 'yan kalmomi huɗu ko biyar? Dalili shi ne yawon buɗe ido. Wato mutum ya tara kuɗinsa ya tafi wata ƙasa don ya huta, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Idan baƙo irin wannan ya sauka, mai tasi zai ci, mai masauki zai ci, mai sayar da abinci zai ci, mai wanki da guga zai ci, har matar da ke cikin gida tana saƙa faifai ko tabarma za ta ci, domin baƙo ba ya komawa gida babu tsaraba. To ƙasashe da yawa suna neman baƙon nan guda, shi kuma bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, cinikin biri a sama zai yi. Kowace ƙasa tana so idan ya zauna yana tunanin inda zai nufa, sunanta ya fara faɗo masa a rai. Aikin take ke nan.

Idan aka fito da take, tambayoyi biyu jama'a suka fi yi. Ta farko, shin namu ne ko kwaikwayo aka yi? Ta biyu, shin zai kawo baƙin ko asarar kuɗi ce kawai? Babu ƙasar da ta sha wannan gardama kamar Filifin, don haka bari mu je can mu ga yadda aka yi.

Filifin ƙasa ce a gabashin duniya, cikin nahiyar Asiya. Tsibirai ne fiye da 7,000 a warwatse cikin teku, babban birninsu Manila, mutanenta kuma sun haura miliyan 100. Yawancinsu Kirista ne, amma akwai Musulmi masu yawa a kudancin ƙasar, wajen tsibirin Mindanao. Hajiyoyin da ke cikinmu mai yiwuwa sun haɗu da matan ƙasar a Saudiyya, domin suna da yawa a can suna aikin jinya a asibitoci da kuma aikatau a gidaje. Neman abinci ne ke fitar da su daga ƙasarsu, su bar 'ya'yansu a hannun kakanni. Saboda haka zancen jawo baƙi a wurinsu ba wasa ba ne, domin duk aikin da aka samar a gida zai iya hana wata uwa rabuwa da 'ya'yanta. A shekarar 2019 mutanen da ke cin abinci ta hanyar yawon buɗe ido a ƙasar sun wuce miliyan 5.

A watan Nuwamba na 2010 ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar ta fito da sabon take da harshensu, wai shi “Pilipinas Kay Ganda”, ma'ana Filifin mai tsananin kyau. Ko mako ba a yi ba aka yi masa rubdugu. Wasu suka ce, baƙon da ake nema ba ya jin harshenmu, ta yaya zai gane abin da ake faɗa masa? Kin ga kamar ki aiki yaro da ƙosai unguwar da ba a jin Hausa, ya yi ta kira babu mai waiwayowa. Sa'an nan wasu masu sa ido suka ɗauko tambarin da aka zana wa taken suka ajiye shi kusa da tambarin yawon buɗe ido na ƙasar Polan da ke Turai, sai ga rubutun nan ya yi kama ƙwarai. Bugu da ƙari, sunan da aka sa wa shafinsu na intanet ya yi kusa da sunan wani shafi na rashin ɗa'a. Abin ya yi yawa, har shugaban ƙasar na lokacin, Benigno Aquino, ya ce a janye taken, wani babban jami'in ma'aikatar mai suna Vicente Romano kuma ya ajiye aiki. Take ya mutu tun bai yi rarrafe ba.

A shekarar 2011 aka naɗa sabon minista, Ramon Jimenez, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a sana'ar tsara tallace-tallace. Ranar 6 ga Janairun 2012 ya gabatar da sabon take da Turanci, wanda wani kamfanin talla mai suna BBDO Guerrero ya tsara. Ma'anarsa da Hausa ita ce “An fi jin daɗi a Filifin.” Kalmomi ne masu sauƙi, irin waɗanda ko yaro zai iya riƙewa. Ministan ya ce amsa ce ga tambayar da kowane baƙo yake yi, wato me zai kai ni ƙasarku?

Ba a kwana ba sai ga wani tsohon hoton talla yana yawo a hannun jama'a. Tallar ƙasar Suwizalan ce ta shekarar 1951, kuma abin da aka rubuta a kanta shi ne “An fi jin daɗi a Suwizalan.” Kalma da kalma, sunan ƙasa kawai ya bambanta. Ai kuwa sai gari ya ɗauka. Mutanen da ba su manta da abin kunyar 2010 ba suka ce an kuma, wai su ba su iya komai ba sai kwaikwayo?

A nan ne jama'a suka rabu gida biyu, kuma ina so ki saurari hujjar kowane ɓangare da kyau, uwargida, domin kowa yana da abin faɗa.

Masu suka suka ce, an biya ƙwararru kuɗi don su ƙirƙiro abin da babu mai irinsa. Idan dillaliya ta karɓi la'adarki a kan za ta kawo miki zanen da babu wadda ta taɓa ɗaurawa, ranar biki kika tarar da irinsa a jikin wata, ai kina da ikon yin fushi, ko da ta rantse miki ba ta sani ba. Suka ce ko da ba sata aka yi ba, sakaci ne a ce ba a bincika ba. Wasu kuma suka ce taken ba shi da nauyi, ƙasa mai tarihi da al'adu bai kamata a taƙaita ta a kan jin daɗi ba. Wasu ma suka ce wane jin daɗi ake faɗa, alhali a 2010 an kashe 'yan yawon buɗe ido 8 daga Hong Kong a cikin motar safa a tsakiyar Manila, kuma a 2011 wani shafin matafiya ya sa filin jirgin saman birnin a matsayin mafi muni a duniya?

Masu goyon baya suka ce, tallar da aka yi shekara 61 da suka wuce, a wata nahiya, wadda su kansu mutanen Suwizalan suka daɗe da barinta, wa ya san da ita? Suka ce kalmomin yau da kullum ba su da mai su. Duk mai tallar ƙosai a duniyar nan cewa take yi da zafinsa, kuma ba mu taɓa jin an kai wata gaban mai unguwa don ta saci kalmar ba. Shi ma ministan abin da ya tsaya a kai ke nan: arashi ne, babu wanda ya mallaki wannan magana, abin da zai sa ta zama tasu shi ne kasancewarta gaskiya a ƙasarsu. Gwamnati ba ta janye taken ba.

To abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Masu tsara tallar sun yi wata dabara. Sukan ɗauki wani abu na yau da kullum mai gundura su haɗa shi da hoto mai ban sha'awa. Alal misali, akwai gonakin shinkafa a yankin Banaue waɗanda kakanninsu suka sassaƙa a jikin duwatsu hawa-hawa kamar matakala. Sai aka sa hoton gonakin aka rubuta, hawan bene, an fi jin daɗinsa a Filifin. Aka sa hoton masu tuƙa ƙananan kwale-kwale a cikin ruwa garai-garai aka rubuta, tafiya wurin aiki, an fi jin daɗinta a Filifin. Da mutanen ƙasar suka ga haka sai kowa ya ce ai ni ma zan iya. Mai hoton bikin garinsu ya sa, mai hoton abincin da mahaifiyarsa ta dafa ya sa, kowa ya rubuta tasa maganar a ƙarƙashi ya watsa a Facebook. 'Yan ƙasar da ke aiki a ƙetare su ma suka ɗauka suna nuna wa abokan aikinsu. Har masu zolaya ba a bar su a baya ba, su kuma suka riƙa sa hoton cunkoson motoci da ambaliyar ruwa suna cewa an fi jin daɗinsu a Filifin. Amma ki lura, ko mai zolayar ma taken yake maimaitawa. Cikin ɗan lokaci maganar ta zama ta bakin kowa, zancen Suwizalan kuwa ya bi ruwa.

Taken nan ya yi shekara 11 ana amfani da shi. Gwamnatin da ta gaji ta Aquino, wato ta Rodrigo Duterte, ta yi maganar canza shi, daga baya ta bar shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kin san halin masu mulki, kowa ya hau yana so a ce shi ya kawo sabo.

Sai tambaya ta biyu: ya yi aiki kuwa? Bari in ba ki alƙaluma. A 2011, kafin a fito da taken, baƙin da suka shiga ƙasar daga waje sun kai kimanin miliyan 3.9. A 2012 suka wuce miliyan 4.2. A 2015 suka wuce miliyan 5.3. A 2019 suka kai miliyan 8.2 da ɗoriya, wato sun ninka cikin shekara takwas. Masu goyon baya suka ce ga shi nan, gani ya kori ji.

Masu suka kuwa suka ce a dakata tukuna. Gwamnatin ta yi alkawarin baƙi miliyan 10 a 2016, amma da shekarar ta zo ba a cika miliyan 6 ba. Sa'an nan a duba maƙwabta. A 2019 ɗin nan ƙasar Tailan ta karɓi baƙi kusan miliyan 40, Malesiya miliyan 26, Biyetnam miliyan 18. Kuma a waɗannan shekaru yawon buɗe ido ya ƙaru a duniya baki ɗaya: matafiya sun haura biliyan 1 a 2012, suka doshi biliyan 1.5 a 2019. Idan damina ta yi kyau kowa ya yi girbi, ba za ka ce fartanyarka ce ta kawo ruwan ba. Haka zalika wasu abubuwa sun canza waɗanda ba ruwansu da take. Kuɗin jirgi ya yi sauƙi, mutanen Koriya ta Kudu da na Sin sun ƙara fita yawo, kuma Tarayyar Turai da ta hana jiragen Filifin shiga ƙasashenta a 2010 ta fara sassautawa a 2013.

Gaskiyar magana, babu sikelin da zai auna ya ce wannan baƙo take ne ya kawo shi, wancan kuma arhar jirgi ce. Ke ma idan cinikinki ya ƙaru a watan azumi, ba za ki iya rabewa ki ce kaza daga daɗin bakin yaron talla ne, kaza daga daɗin ƙosan, kaza kuma don lokacin ne ya zo ba. Abin da za a iya cewa shi ne take yana sa a waiwayo, yana sa mutum ya tambaya. Sauran aikin na hanya ne da tsaro da tsabta da yadda aka karɓi baƙo. Su kansu mutanen Filifin sun ga haka. Akwai wani tsibiri nasu mai suna Boracay wanda ya fi ko'ina jan baƙi saboda farin yashinsa. Baƙi suka yi yawa, masu masaukai suka riƙa sakin ruwan ƙazanta cikin teku, har a watan Afrilu na 2018 gwamnati ta rufe tsibirin na wata 6 don a gyara. Da yawa daga cikin waɗanda ke cin abinci a can suka zauna babu aiki. Talla ta kawo mutane, amma gidan bai shirya karɓarsu ba.

To yanzu mu koma kan zancen kwaikwayo, domin akwai kwaikwayon da jama'a suka yafe, akwai kuma wanda ba su yafe ba.

A watan Yuni na 2017 ma'aikatar ta fito da wani ɗan gajeren fim na talla. An nuna wani dattijo ɗan Japan yana zagaya wurare masu kyau na ƙasar, sai a ƙarshe mai kallo ya gane ashe makaho ne, kyan ƙasar da kirkin mutanenta a zuciya yake jinsu. Labari ne mai taɓa rai, sai dai ƙasar Afirka ta Kudu ta riga ta yi talla mai irin wannan labari, da makaho da komai, a 2014. Da aka jera su biyun jama'a suka yi tir, ma'aikatar ta janye fim ɗin ta kuma raba gari da kamfanin da ya shirya shi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na 2023. A ƙarshen watan Yuni na shekarar, ministar lokacin, Christina Frasco, ta ƙaddamar da sabon take mai ma'anar “Ku so Filifin”, don ya maye gurbin tsohon. Tun a ranar wasu suka fara ƙorafi cewa wannan ya yi kama da umarni, so kuwa ba a yinsa dole, kuma me tsohon ya yi da za a yar da shi? Ana cikin haka sai aka gano cewa fim ɗin da aka nuna wajen bikin yana ɗauke da hotunan wasu ƙasashe. Gonakin shinkafar da aka nuna na tsibirin Bali ne a Indonesiya. Tuddan yashin na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne. Jirgin saman da aka nuna yana sauka kuwa a Suwizalan aka ɗauke shi. Abin takaicin shi ne Filifin tana da nata gonakin na hawa-hawa, tana kuma da nata tuddan yashin a arewacin ƙasar, wanda zai je ya ɗauko ne kawai ba a tura ba. Kamfanin da ya yi aikin, DDB Philippines, ya fito ya nemi gafara, ma'aikatar ta soke kwangilar da ta kai feso miliyan 49, wato kusan dala 900,000, ta kuma ce ba ta riga ta biya ko kwabo ba. Amma kafofin watsa labarai na duniya sun riga sun ɗauka, an yi musu dariya son rai. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar ba su cika miliyan 6 ba, ba su koma yadda suke a 2019 ba, ko da yake a nan ma ba za a ɗora wa take laifin duka ba, domin annobar korona ta 2020 ta durƙusar da harkar tafiye-tafiye a ko'ina.

Kin ga bambancin, uwargida? A 2012 kalmomi ne suka yi karo da na wasu, amma abin da aka nuna wa duniya nasu ne, gonakinsu, ruwansu, fara'ar mutanensu. A 2023 kuwa kayan wasu aka ɗauko aka ce ga namu. Na farko kamar ki yi tallar furarki da irin kiran da maƙwabciyarki take yi ne. Na biyu kuwa kamar ki ari ƙwaryar furarta ki ba mai saye ya ɗanɗana, ya biya, sa'an nan ki auna masa taki. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan gardama ba a Filifin kaɗai aka yi ta ba, mu ma a Nijeriya mun sha irinta. A zamanin mulkin Obasanjo an yi wani shiri na gyara sunan ƙasa a idon duniya da taken “Zuciyar Afirka”, masu suka suka ce ai ƙasar Malawi ta daɗe tana kiran kanta da kusan wannan suna. A watan Maris na 2009, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ministar watsa labarai marigayiya Dora Akunyili ta ƙaddamar da wani mai ma'anar “Mutanen kirki, ƙasaitacciyar ƙasa”. Da yawa daga cikinmu mun ji shi a rediyo. Wasu sun yaba, suka ce dole mu fara faɗin alherinmu da bakinmu tunda wasu ba za su faɗa mana ba. Wasu kuma suka ce a fara gyara wuta da ruwa da hanya, sunan zai gyaru da kansa. A 2013 kuma ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido ta fito da nata mai ma'anar “Nijeriya mai ban sha'awa”. Ki tambayi mutanen gidanku yau ki ji mutum nawa ne zai tuna da shi.

Ba abin nunawa muka rasa ba. Muna da Yankari da ruwan ɗumi na Wikki a Bauchi, muna da marinar Ƙofar Mata a Kano, muna da hawan sallah wanda hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, muna da bikin kamun kifi na Argungu wanda ta sa tun 2016. Amma bikin Argungun nan sai da ya yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba saboda matsalar tsaro, sai a 2020 aka dawo da shi. A tsawon waɗannan shekaru, ko wane irin kirari aka tsara, masu abinci da masu masauki da masu sassaƙa a garin ba su ga baƙin da suka saba gani ba.

Saboda haka idan gobe kika ji a rediyo an ƙaddamar da wani sabon take, na ƙasa ne ko na jiha, kada ki ce wannan zancen maza ne ko na 'yan boko. Kuɗin da za a kashe har da naki a ciki, kuma kin fi wasu masu manyan takardu sanin yadda talla take. Ki tambaya, abin da taken yake faɗa gaskiya ne? Hotunan da aka nuna namu ne? Idan baƙon ya amsa kira ya zo, zai tarar da abin da aka faɗa masa? Kuma mu 'yan gida, za mu iya faɗin maganar da bakinmu ba tare da jin kunya ba? Wannan ta ƙarshen ita ce ta raya taken 2012 na Filifin duk da zargin da aka yi masa, rashinta kuma shi ya kashe na 2010.

Kafin mu rufe, ga wata 'yar shawara ga masu sana'a a cikinmu. Yanzu da yawa muna tallata kayanmu ta waya, a sa hoto a WhatsApp, mai so ta aiko da kuɗi. Ana samun masu ɗauko hoton ɗinki ko na cincin ko na gadon amarya daga wani wuri su sa a matsayin nasu, don ya fi kyan gani. 'Yar'uwa, ki ɗauki hoton naki, ko da wayar ba ta da kyau. Ki fito da shi tsakar gida inda haske yake, ki shimfiɗa zane mai tsabta ki ɗora. Wadda ta saya ta ga daidai da abin da aka nuna mata za ta dawo, ta kuma kawo miki ƙanwarta da kishiyarta. Wadda ta ga saɓanin haka ita ma za ta ba da labari, a gidan suna da gidan biki, kuma ba za ki kasance a wurin ba balle ki kare kanki.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙa kamar yadda aka saba, za mu karanta a fili na gaba. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.